Kawuna da Aka Binne da Baki

Ina da shekara tara na fara jin sunansa, a bakin Kaka, ranar da aka kawo ta gidanmu daga asibiti. Ƙugunta ne ya karye. Aka kwantar da ita a ƙaramin ɗakin da ke jikin kicin, aka ajiye akwatinta da kan keken ɗinkinta a gindin gado, kan kawai, babu ƙafa babu teburi. Da rana ta take, gida ya yi tsit, sai ta juya fuskarta wajen ƙofa ta ce, "Kwarkwaro." Ba kira ta yi ba. Ta faɗe shi ne kamar mai duba ko sunan yana nan inda ta ajiye shi.

Ni da rawar kai na buɗe gwangwanin kayan ɗinkinta na ɗauko kwarkwaro guda, ɗan ƙarfen nan da ake naɗa zaren ƙasa a jikinsa, na sa mata a hannu. Ta jujjuya shi, ta dunƙule hannun. Umma ce ta ja ni kicin ta gaya mini a taƙaice. Kwarkwaro ƙanen Umma ne, autan Kaka, kuma an laƙaba masa sunan ne don tun yana rarrafe yake kwashe kwarkwaro yana ɓoyewa a baki. Ya rasu a wani gari mai nisa, zazzaɓi ne, can aka binne shi. Ta ce kada in ƙara tayar da maganar.

Tun a lokacin ina da littafin da nake rubuta dangi a ciki: wa ya haifi wa, wa ya auri wa, yaushe aka haifi wane. Shi ya sa Kaka take ce mini Akawu. Ranar na buɗe masa shafi, na rubuta wata da shekarar rasuwarsa, na ja layi a ƙasa da rula. Hotonsa ɗaya ne a gidan. Saurayi ne a ciki, yana dariya, ga tabo ya raba girarsa ta hagu biyu, inda bel ɗin keken ɗinki ya taɓa tsinkewa ya zabge shi. Shekara goma ina sa shi a addu'a tare da sauran mamatanmu.

Da na gama sakandare ina zaman jiran sakamako, na ce zan koyi ɗinki. A lokacin yanar ido ta rufe wa Kaka gani, haske da inuwa kawai take bambancewa. Ta ce in ɗauki kan kekenta in kai a duba, amma in na bari aka lalata mata shi za ta cire ni daga cikin jikokinta ta sa kyanwar gidan. Na naɗe shi a tsohon zane na nufi layin masu gyara da ke bayan kasuwa.

Layi ne siriri, rumfuna na kallon juna, ƙasa ta yi baƙi da mai. A rumfar ƙarshe an jera tsofaffin kekuna a kan kanta, kowanne an lulluɓe shi da buhu. Mai rumfar, wani dattijo mai tabarau, ya ce idonsa ya daina ganin cikin irin waɗannan, ya nuna mini wani mutum a kusurwa. Ramamme ne, babu haƙoran gaba biyu, furfura ta riga shekarunsa zuwa. Hannunsa na rawa kaɗan-kaɗan, sai ya dafa ƙarfe yake tsayawa.

Bai tambaye ni abin da ya sami keken ba. Ya zare zaren, ya sa farar takarda ƙarƙashin allura, ya ƙwanƙwasa wuyan keken sau uku da gindin sukudireba, sannan ya kwantar da kunnensa a jikinsa yana juya hannun keken a hankali. Allura tana huda takarda, ƙis, ƙis, ƙis. Idonsa a rufe. A nan na ga girar.

Rana ce tsaka, ana ta buga guduma a rumfar gaba, amma na kasa ɗauke idona daga tabon nan na cikin hoto. Ya buɗe ido ya ce ya san keken nan, ya tambaya ko mai shi tana da rai. Na gyaɗa kai. Ya daɗe yana kallon goshina, sannan ya ce, "Ke 'yar Yaya ce."

"Amma ai ka rasu," na ce. Abin da ya fito daga bakina ke nan, kuma har yau ina jin kunyarsa.

Ashe bai sani ba. Ya tambaye ni yaushe, na gaya masa wata da shekara, don na haddace. Ya tambaye ni me ya kashe shi, na ce zazzaɓi. Ya yi dariyar da ba ta da sauti, ya ce Yaya ta kyauta, ta zaɓa masa mutuwa ta mutunci. Sai ya ajiye sukudireban.

Sau uku na koma, ina ce wa gida ba a samu kayan gyara ba, kuma a nan na ji tarihinsa. Kaka ce ta koya masa ɗinki da gyara, don da keken nan ta raine su shi da Umma bayan rasuwar mahaifinsu. Kafin ya kai ashirin da biyar har masana'antu ake zuwa nemansa. A wani wurin ɗinka kayan makaranta ya fara haɗiyar ƙwaya don korar barci lokacin da aiki ya yi yawa, daga baya ya kama shan maganin tari don barcin ya dawo, daga nan kuma ya daina neman dalili. Ya kwashe rediyon Kaka, ya kwashe fanka. Na ƙarshe ya kwance ƙafar keken da teburinsa ya fita da su, ya ɗora mata kan a bisa matashinta, wai a ganinsa na lokacin ya yi mata adalci. Bai sake komawa ba. Akwai shekara shida da ya ce ba ya iya jera su. Sau biyu aka kai shi gidan jinyar masu shaye-shaye. Na farko ya tsallake katanga, na biyu ya zauna wata goma sha huɗu. Lokacin da na gan shi yana da shekara uku bai taɓa komai ba, kuma duk Talata yana zuwa zama da likita da wasu masu irin ciwonsa. Ya san gidanmu. Ya sha wucewa ta tsallaken titi. Ya ce so yake ya cika shekara biyar kafin ya buga ƙofa, don uku ba ta isa a nuna wa Yaya ba.

Umma tana wanke-wanke na gaya mata. Faranti ɗaya ta yi ta wankewa har na gama. Sannan ta ba ni nata ɓangaren. Wajen nemansa Kaka ta faɗa kwata ta karye, don kullum tana bin tashoshin mota da ƙarƙashin gadoji. A asibiti ma da an juya baya sai ta yunƙura za ta sauka, har sai da aka ɗaure ta da zane a jikin gado, likita ya ce in ba ta kwanta ba ta gama tafiya da ƙafarta.

"Sai na ce mata ya rasu," in ji Umma. "Ta kwanta. Ko kuka ba ta yi ba."

Abba ya sani, shi da ita kawai, kuma unguwarmu babu wanda ya san Kawu. Ta ce bayan shekara biyu ita kanta ta fara kama bakinta yana nema masa gafara. Tsoronta ɗaya ne: a gaya wa Kaka yana raye, ya koma ruwa, tsohuwa ta binne ɗa ɗaya sau biyu. Kwana huɗu ina binta. A ƙarshe ta ce ya zo, amma a matsayin mai gyara, da rana, ya ga mahaifiyarsa ya tafi, kada ya buɗe baki.

Ranar Laraba ya zo, sanye da riga mai karin guga. Suka yi kiciɓis da Umma a tsakar gida. Ya ce, "Yaya." Ta dubi ƙafarsa ta ce ya cire takalmi, ta shige kicin.

Kaka tana zaune a gado ta fuskanci taga, tana jan carbi. Na ce mata na kawo mai gyara gida don ya gwada keken a gabanta. Ta yi masa sannu da zuwa, ya sunkuyar da kai kawai. Ta ce, "Akawu, duk layin masu gyara ba ki samo mana kowa ba sai kurma?" Ya zauna a ƙasa, na ɗora masa keken a kan ɗan gajeren teburi. Umma ta hana shi magana, amma babu wanda ya tuna ya hana shi aikinsa yadda ya saba. Ya zare zare, ya sa takarda, ya ƙwanƙwasa sau uku.

Carbin ya tsaya. Ba ta juyo ba. Allura ta yi ta huda takarda, ni kuma ina kallon yatsun Kaka a kan ƙwaya ɗaya, ba su motsa ba har ya tashi ya fita.

Da aka rufe ƙofar gida ta ce, da muryar da take tambayar ko an kawo wuta, "Kwarkwaro ya zo." Umma ta ce mai gyara ne kawai. Kaka ta ce ita ta ƙirƙiro bugun nan uku. Yana yaro da gaggawa yake afka wa keke da sukudireba, sai ta ce masa keke ma sai an yi masa sallama, don ya tsaya ya saurara tukuna. Duk duniya mutum ɗaya ta koya wa. Ta ce waɗanda suka tafi ba sa dawowa haka kawai. Ya zo tafiya da ita ne, yana ba ta lokaci ta kimtsa.

Abin da ya fi tayar mini da tsigar jiki shi ne ba ta ji tsoro ba. Murna take. Ta fara rabon kayanta, ta ba ni almakashinta, ta ba Umma 'yan kunnen da ta yi shekara hamsin da su. Abinci cokali biyu take yi ta ture, wai mai tafiya ba ya cika ciki. Duk Laraba da safe sai ta sa a share ɗakin a shimfiɗa tabarma. Umma ta so ta hana shi zuwa, amma ta kasa, don tun sha ɗaya Kaka take juya fuska wajen ƙofa. In ya zauna sai ta yi ta yi masa hira a hankali. Ya ga babansa? Akwai sanyi a can? Ta ce ta yafe masa rediyo da fanka tun ranar da aka gaya mata, kada ya riƙe su a ransa. Shi kuwa ya kwance abin da ba ya bukatar kwancewa ya mayar, hawaye na ɗiga a kan farantin allura, yana gogewa da tsumman mai. In ya tafi warin man keke yakan kwana biyu a ɗakin, tana shaƙa tana murmushi. Ni da na san yana raye, ni da na ga ya sha ruwa a bakin titi, sai na kama kaina ina duba ko yana da inuwa in ya ratsa tsakar gida.

A mako na uku Kaka ta fara kasa zama sai an jingina ta. Likita ya zo ya ce babu ciwon da ya gani sai yunwa. Aka sa mata ƙarin ruwa, ta lalubo ta cire. Ranar Laraba, a gabansa, Umma ta durƙusa a gindin gado ta faɗi komai, tun daga zanen da aka ɗaure ta da shi. Kaka ta shafa kanta. Ta ce ta san 'yarta, tun tana ƙarama ba ta iya ƙarya ba, yau ga shi ta gwada don uwarta ta ci abinci, Allah ya yi mata albarka.

Sai ya yi magana. "Inna, ni ne. Ina da rai."

"Na san kai ne, auta," ta ce. "Muryarka ba ta canja ba."

Ya miƙa hannu zai kama ƙafarta, ta janye ta da sauri ta cusa cikin mayafi. Ta ce kada ya taɓa ta tukuna, saura abu ɗaya ba ta gama ba. Daga ranar ko mu ba ta yarda mu matso da hannunsa kusa da ita.

Laraba ta huɗu ya makara. Na same shi a bakin ƙofar gida, idonsa ja, ya jingina da bango. Ya ce jiya ya yi awa guda a tsaye a gaban wani shagon magani, yana kallon kwalabe ta gilashi, kafin ƙafarsa ta yarda ta kai shi wurin zamansu na Talata. Ya ce mini wata magana a nan, sannan ya cire takalmi tun ba a ce masa ba.

Kaka ta sa na buɗe akwatinta na ɗauko farin yadin da ke can ƙasa. Kowa a ɗakin ya san na mene ne. Ta ce so take a bi bakinsa da ɗinki a kan kekenta, ita ta juya, shi ya riƙe yadin, yadda suke yi yana yaro. Umma ta fita ta tsaya a ƙofar kicin ta ba mu baya. Na jingina Kaka da matasai, na matso da teburin jikin gado, na ɗora tafinta a kan hannun keken. Ya zira zare da ƙyar, sai a karo na huɗu ya shiga. Ya sa yadin. Suka fara, tana juyawa, yana turawa, keken na tafiya sumul kamar ba shi ne ya yi shekara goma a gindin gado ba. Ba su kai taƙi ɗaya ba yadin ya tattare. Ya ce ta dakata, ya sa yatsa zai gyara, hannun na rawa. Ko ba ta ji ba, ko hannunta ne ya ƙi tsayawa, ban sani ba. Allura ta shige ta farcensa ta fito ta ƙasa.

"Wayyo, Inna."

Shekara arba'in ta yi tana koya wa mutane ɗinki, kuma hannunta ya riga tunaninta. Ta cafke wuyan hannunsa, ta mayar da keken baya, ta ɗaga allura, ta zare yatsan ta matse shi, ta ce, "Akawu, mai." Kafin in miƙo kwalbar man keken, ta tsaya cak.

Jini yana bin yatsunta yana gangarawa. Ta murza shi tsakanin babban yatsa da manuni. Ta kai hanci. Ta taɓa da harshe. Ta bi hannunsa da lalube, ta tsaya inda jijiya take bugawa, ta daɗe a nan. Ta hau kafaɗa, ta hau wuya, ta sami tabon gira, ta sauko kan kumatun da suka loɓa, ta tura yatsa ta ɗaga leɓensa.

"Ina haƙoranka?"

"Sun zube, Inna."

Ban san inda ta samo ƙarfin ba. Marin da ta ɗauke shi da shi sai da Umma ta juyo daga kicin. Sannan ta riƙe kunnensa ba ta sake ba, tana numfashi sama-sama. Ta ce in kira mata uwata. Umma ta zo ta tsaya. Kaka ta fuskance ta da fararen idanun nan, ta daɗe. Ta juya gare ni ta ce in kawo abinci. Ta cinye tas da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da rigarsa.

Wata biyu ba ta yi wa Umma magana ba. Ko Umma na tsaye a kanta sai ta ce, "Akawu, gaya wa uwarki a buɗe taga." Umma ta rame, ta daina shiga ɗakin sai Kaka na barci. Kawu ne ya yi wannan gyaran, kuma a hankali ya yi shi. Duk Laraba sai ya gaya wa Kaka abu ɗaya daga cikin abin da ya aikata, ba ya sassautawa: inda ya kwana, abin da ya sha, ranar da ya hango ta tana nemansa a tasha ya ɓuya a bayan mota. Ya ce mata da Yaya ba ta faɗi abin da ta faɗa ba, da ita aka binne da gaske, kuma da shi ya kashe ta. Kaka takan ce ba ta tambaye shi ba. Wata rana ya zo da tsohuwar ƙafar keke da teburi a baro, ya ce aikin na mutum biyu ne, hannunsa ba zai iya shi kaɗai ba, ni kuma ban da ƙarfi. Umma ta riƙe kan keken, shi yana ɗaure noti a ƙasa. Daga nan na ji tana yi masa faɗa a kan haƙora, wai ya je a sa masa na roba ya daina tsorata mutane. Ya ce ai wanda aka kashe da zazzaɓi ba a tambayarsa haƙori. Ta ɗaga tsumman mai ta jefe shi. Ranar da yamma Kaka ta ɗanɗana miya, ta juya daidai inda Umma take, ta ce, "Ke, gishiri ya yi yawa." Umma ta fita tsakar gida ta yi kukan da ta riƙe shekara goma.

Kaka ta ƙara shekara biyu da wata huɗu. Da hantsi ta cika, yana zaune a gindin gadon. Wani yadi aka sayo aka yi mata likkafani. Wancan yana akwatina, jinin ya koma ruwan ƙasa, ɗinkin ya tsaya inda ya tsaya, zaren na reto. Kawu yana nan a layin masu gyara, dattijon ya bar masa rumfar. Hannunsa bai daina rawa ba. Duk Talata yana rufe rumfa da wuri, duk Laraba Umma tana ajiye masa abinci, kuma in ya yi minti goma bai iso ba ina ganin tana leƙa titi. Ni nake ɗinki a keken yanzu. Ban taɓa ƙwanƙwasa shi ba, don na gwada sau ɗaya ni kaɗai a ɗakin, na ji kamar wani ya juyo daga kan gado.

Shafinsa yana nan a littafina da layin rula a ƙasa. Na so in yage shi ya hana, ya ce in ci gaba da rubutu a ƙarƙashin layin. Abin da ya ce mini kuwa a bakin ƙofa, waccan Larabar da idonsa ya yi ja, shi ne wannan:

"Akawu, ba zan ce miki ba zan koma ba, don kullum da safe nake sake ɗaura niyya. Amma in na koma, kada ki bari a sake kashe ni don a huta. Duk wanda ya tambaya ki ce ina nan, ba ni da lafiya, ki faɗi inda nake. Ranar da aka ce miki na mutu, ki zo ki taɓa ni da hannunki kafin ki rubuta."